Wa zan ba gyaran kofaton dokina?

Ɗan'uwa, ka ce dokinka ba a sa masa takalmin ƙarfe, kuma kana neman wanda zai riƙa gyara masa kofato. Yawancin dawakinmu na hawan Sallah haka suke, sai dai dokin da ke ɗaure a turke ba ya yawon da zai cinye kofaton, don haka yana bukatar gyara duk bayan sati 4 zuwa 8.

Ka je ka ga mutumin yana aiki a kan dokin wani tukuna. Gwani ba ya fara yanka sai ya sa an ja dokin ya ga yadda yake taka ƙasa. Sannan ya ɗaga ƙafar, ya kankare kashi da tsakuwa, ya rage bangon kofaton kaɗan-kaɗan da magagari. Wanda ka ga yana zurfafa wuƙa a tafin kofato don ya yi fari tas, ka rabu da shi. Wannan tafin ne ke kare doki daga duwatsu, kuma ɓarnar kofato na iya ɗaukar kusan shekara kafin sabo ya sauko.

Washegari ka duba dawakin da ya gyara. Bai kamata su yi ɗingishi ba.

Ka tambaye shi me zai yi in kofato ya yi zafi ko yana wari da damina. Ni na fi yarda da wanda zai ce maka a kira likitan dabbobi.