Shin Matuƙan Jirgi Suna Riƙe Bindiga?

Tambaya: Ɗana yana koyon tuƙin jirgi a Kwalejin Sufurin Jiragen Sama ta Zariya. Da gaske ne matuƙa na ɗaukar bindiga? Kuma me ya sa ake tsananta mana bincike a ƙasashen waje?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Tsarin Amurka ne, bayan harin 11 ga Satumba 2001. Dokar 2002 ta ba matuƙan da suka nema izini, bayan tantancewa da horo, don kare ɗakin tuƙi kawai. A ganinmu ƙofar da aka ƙarfafa, mai kulle daga ciki, ta fi bindiga amfani, ko da yake tana da illa: a 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings na Jamus ya kulle kyaftin a waje, ya faɗo da jirgin a Faransa.

Tsananta bincike kuwa ya ƙaru ne bayan yunƙurin ɗan Najeriya Umar Faruk Abdulmutallab na tayar da bam a jirgin da ke zuwa Amurka a Disamba 2009; a Janairu 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da aka riƙa yi wa ƙarin bincike a wancan lokacin. Zargin mutum saboda fasfonsa ko sunansa zalunci ne, kuma mugu yakan sulale ta gefe. Na'ura da bayanan sirri su ke kama shi.