Amaryata 'yar shekara 15 ce: ya halatta mu jinkirta ɗaukar ciki?

Tambaya: Malam, amaryata shekararta 15, bara ta fara al'ada. Ma'aikaciyar asibiti ta ce mu dakata da ciki tukuna, mahaifiyata kuma ta ce wannan kashe 'ya'ya ne. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, ya halatta, da sharaɗin matarka ta yarda, kuma hanyar ta wucin gadi ce da likita ya zaɓa. A halinku ma shi ya fi, saboda abin da ka faɗa cewa bara ta fara al'ada. Jini na zuwa alhali ƙashin ƙugu bai gama buɗewa ba. Idan kan jariri ya maƙale, naƙuda ta yi kwana biyu, sau da yawa ɗan ya mutu a ciki, uwar ta tashi da yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga a Katsina irin waɗannan mata yake ɗinkewa, wasunsu mazan sun riga sun sake su. Ga jijjiga, ga ƙarancin jini, ga haihuwar bakwaini. Kauce wa cuta kuwa ba a saɓa a kansa ba.

Masu haramtawa suna kafa hujja da hadisin Judama da ke cikin Muslim, inda aka kira azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje don gudun shigar ciki, "ɓoyayyen binne 'ya'ya da rai". Da haramci ake nufi, da sahabi Jabir bai ce suna yin azalu Alƙur'ani yana sauka ba, kuma labari ya kai ga Annabi (SAW) bai hana su ba. Shi ya sa jumhur, wato mafi yawan malamai, suka ɗauki na Judama a kan karhanci, karhanci kuwa yana faɗuwa idan buƙata ta zo, balle tsoron halaka. Sannan wa aka kashe, tunda cikin bai shiga ba? Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta ɗan lokaci da yardar ma'aurata, ta haramta tsayar da haihuwa ɗungurungum ba tare da larura ba.

Kada ka sayo ƙwaya a kemis da ka. Kada kuma ka yi wa Hajiya gardama; jika take so, ka samu dattijuwar da take jin maganarta ta lallashe ta. In Allah Ya kawo cikin duk da haka, zubarwa ba ta cikin wannan izini. Ka kai ta awo da wuri, ta haihu a asibiti, kuma ko naƙuda ta yi tsawo kada ka bari a yi mata yankan gishiri.

Wallahu a'alam.