Tambaya da Amsa: Wace kyamara zan saya don ɗaukar zanena?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina zane da fentin mai, wani lokaci kuma ina zayyanar allo, kuma ina so in fara tallata aikina a Instagram in kuma riƙa turawa gasa. Matsalar ita ce in na ɗauka da waya sai kalar ta canza, shuɗi ya koma wani abu daban, ga ƙyalli a tsakiya kamar an watsa ruwa. Kuɗina ba yawa. Wace kyamara zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da abin da masu shago ba za su gaya miki ba, wannan ƙyallin ba laifin wayarki ba ne, laifin haske ne, kuma ko kyamarar miliyan kika saya in kika kunna filasha ta fuskanci zanen kai tsaye haka za ki gani, don fentin mai yana mayar da haske kamar madubi.

To amma ki sayi kyamarar, tana da amfaninta. Ki nemi ta hannu mai megafiksel 24 (ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoto ke nan), irin Nikon D3300 ko D3500 ko Canon 2000D. Hotonsu na fitowa ɗigo 6000 a 4000, wato in za a buga shi da kyau a takarda zai kai kusan inci 20 a 13, ya ishi kataloji da duk wata gasa. Kar wani ya ruɗe ki da mai megafiksel 45. Kafin ki biya ki sa a duba miki hoto nawa ta taɓa ɗauka, masu ɗaukar biki suna gajiyar da kyamara ba kaɗan ba.

Inda nake so ki sa ido shi ne gilashin gaba. Na waya mai faɗi ne, shi ya sa in kin matso gefen firam ɗin yake lanƙwasa kamar ciki ya fito. Ki nemi gilashin da aka rubuta 50mm f/1.8 a jikinsa, yana da araha kuma layi na fitowa a miƙe. In Nikon kika ɗauka ki tabbata an rubuta AF-S a jiki, tsohon gilashin mai harafin D ba ya saita hoto da kansa a kan waɗannan ƙananan kyamarorin, na ga wanda ya saya ya dawo yana ta ɓaɓatu.

Sai ƙafar kyamara, mai uku ɗin nan, wannan kam ba zaɓi ba ne. Ki rataye zanen a bango, kyamara ta kalli tsakiyarsa daidai ba daga sama ba ba daga gefe ba, a saitin kyamarar ki sa ISO (yadda take jin haske) a 100, buɗewar gilashi kuma a f/8, ki kunna taima na sakan 2 don kar hannunki ya girgiza ta. Fitila biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta haska a karkace kamar digiri 45, ki kashe ƙwan ɗakin don haɗa farin haske da ja shi ke ɓata kala. In babu wuta, kin dai san halin da ake ciki, ki fito da shi inuwar zaure da hantsi, ba cikin rana ba.

Batun shuɗin kuwa, ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ki ajiye katin toka (kati mai ruwan toka na daidaita kala) a gefen zanen a hoton farko, a manhajar gyaran hoto ta kwamfuta sai ki danna kan katin da abin daidaita fari kalar ta dawo hayyacinta. Allon zayyana ma haka, sai dai shi ki kwantar da shi a kan baƙin ƙyalle, ja da ɗorawar nan sun fi fitowa.