Bidiyon da ke tafiya ba dare ba rana a YouTube: in sa kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari. Yarona ya buɗe mini tasha a YouTube, muna ɗora gajerun bidiyoyin kaya, mabiyanmu ba su kai ɗari uku ba. Wani matashi ya ce in ba shi kuɗi ya haɗa mini bidiyon da zai riƙa tafiya kai-tsaye ba dare ba rana, in ya ƙare ya koma farko, ta wata kwamfuta da ake haya a intanet, ba ruwana da janareta ko data. Ya ce a cakuɗa tallan kayana da waƙoƙi da guntayen finafinan Hausa don jan jama'a, nan da wata uku YouTube zai fara biyana dala. Gaskiya ne? In sa kuɗina?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar kwamfutar nan gaskiya ya faɗa maka, kuma aikin bai kai wuyar da ake zuzuta shi ba. Maganar dala nan da wata uku ce ban yarda da ita ba. Shawarar waƙoƙi da finafinai kuwa, ita ce za ta iya raba ka da tashar taka gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Akwai kamfanonin da ke da manyan rumbunan kwamfutoci a Turai da Amurka, suna ba da hayarsu wata-wata. Za a kama maka ƙarama guda ɗaya, a ɗora bidiyonka a kanta sau ɗaya tak, sai a sa wata manhaja ta kyauta mai suna ffmpeg ta riƙa tura shi zuwa YouTube, yana ƙarewa tana maimaitawa. YouTube na ba kowace tasha wasu haruffan sirri da ake kira mabuɗin yaɗawa. Da shi kwamfutar ke shiga tasharka. Ko an ɗauke wuta a Kano, ko wayarka a kashe take, bidiyon na nan yana tafiya.

Abin da ya sa ba a yin sa daga shago lissafi ne kawai. Bidiyo mai matsakaicin kyau, a ce megabit 2.5 a daƙiƙa, in ya yi kwana 30 bai tsaya ba zai ci data kusan gigabait 810. Kai ka san kuɗin wannan a layin waya, ban da man janareta.

To amma wannan 810 ɗin ka riƙe ta, don a nan ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi. Hayar kwamfutar kanta ba tsada: kamfanin DigitalOcean na da ta dala 6 a wata, haɗe da terabait 1 (wato gigabait 1,000) na datar da za ta fita, ka ga ya ishe ka. Hetzner na Jamus na ba da har terabait 20 a rumbunansa na Turai. Amma in aka kai ka Amazon, wato AWS, su daban suke cajin datar da ke fita, wajen santi 9 a kowane gigabait bayan ɗarin farko na kyauta. Bidiyon nan dai guda zai iya jawo maka sama da dala 60 a wata a kuɗin data kaɗai. Mutum ya ga an rubuta hayar kwamfuta da araha, ya saki jiki, sai ƙarshen wata takardar biya ta zo. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa matashin nan ita ce: a wane kamfani, kuma datar fita na cikin kuɗin hayar ko daban take?

Sai kuma a gyara bidiyon tun a gida, a fitar da shi daidai da yadda YouTube ke so, ta yadda aikin kwamfutar hayar turawa ne kawai. In aka bar ta tana sarrafa shi tana turawa lokaci guda, ƙaramar ba za ta iya ba, hoton zai riƙa sarƙewa, sai a dawo maka da cewa sai an kama babba. Akwai kuma kamfanonin da suka gama haɗa komai, irin su Gyre da Castr da OneStream Live, kai dai ka ɗora bidiyo ka danna. Sun fi tsada, amma ba ka buƙatar gwani a kusa. Kowanne ka zaɓa, da dala za ka biya alhali cinikinka da naira ne. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mu zo kan dalar da aka yi maka alkawari. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai, sai tasharka ta tara mabiya 1,000, sannan an kalle ta na awa 4,000 cikin watanni 12 da suka wuce. Masu tallata wannan dabara sukan ce ai bidiyon da ba ya tsayawa shi ke tara awanni da sauri. Awannin da ake ƙirgawa na masu kallo ne, ba na bidiyon ba. In a kowane lokaci mutum biyar ne ke kallo, dare da rana ba yankewa, za ka cika awa 4,000 cikin kwana 34. In mutum ɗaya ne, sai ka yi kwana 167. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, wa zai zauna ƙarfe uku na dare yana kallon ana buɗe turmin atamfa, karo na goma?

Akwai kuma wani abu da yawancinsu ba sa faɗa. Bidiyon kai-tsaye da ya wuce awa 12, YouTube ba ya lamunce zai adana shi. Wanda kuwa ba a adana ya zama bidiyon da za a iya kallo daga baya ba, awanninsa ba sa shiga lissafin 4,000 ɗin. Wato kana iya shafe wata biyu abu na tafiya, kana biyan haya, ka duba ka tarar lissafinka na nan inda yake. Masu wayo kan yanke shi kafin awa 12 su sake tayarwa. Ko ka cika sharuɗɗan, sai an duba tashar kafin a karɓe ka, kuma dokar biyan kuɗi ta YouTube ba ta son abu guda ana ta nanatawa, ko kayan wasu da aka kwaso ba a ƙara musu komai ba. A watan Yulin 2025 ma sun sake fayyace wannan doka. In an karɓe ka, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne naka, ba a turo maka sai ya kai dala 100, kuma abin da masu talla ke biya kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ba.

Batun waƙoƙi da finafinai, Alhaji, ka bar shi. Kayan mutane ne. Furodusoshi da mawaƙa da yawa yanzu da tashoshinsu na YouTube suke cin abinci, ba za su zuba ido kana juya guminsu dare da rana ba. YouTube na da na'urar da ke sauraren bidiyon kai-tsaye yana cikin tafiya. In ta gano kayan wani, sai a yi maka gargaɗi, a rufe hoton, ko a katse shi. In mai haƙƙi ya kai ƙara aka buga maka laifi sau uku cikin kwana 90, an rufe tashar ke nan, har da bidiyoyin kayanka da ba su ji ba su gani ba. Karatun Alƙur'ani da wa'azin da wani ya naɗa su ma suna da masu su, sai da izini, kuma a rubuce. Ko masu gaskiya ba su tsira ba: Lofi Girl, tashar nan ta Faransa da ta shahara da kiɗa mai tafiya ba tsayawa, an taɓa sauke ta a Yulin 2022 kan ƙarar haƙƙin mallaka ta ƙarya. An dawo da ita ne don tana da miliyoyin mabiya da suka yi ca. Kai da mabiya ɗari uku, wa zai yi maka wannan hayaniyar?

Ba wai abin ba shi da amfani gare ka ba ne. Ka ɗauke shi a matsayin allon shago da ba a kashe fitilarsa, ribarsa kuma a nemo ta a cinikin yadi, ba a aljihun YouTube ba. Kwari na da abokan ciniki a Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena, da matan da ke saro kaya ta waya ba su taɓa taka Kano ba. Bidiyo mai tsabta, kayanka ne, muryarka ce ko ta yaronka, lambar WhatsApp a ƙasa, zai iya kawo mai saye. Sai dai ka kula da abu uku da suka shafi sana'arka kai tsaye. Kada a rubuta farashi a jikin hoton, don za a ci gaba da nuna shi bayan kaya sun tashi, mai saye ya zo yana cewa ai haka ya gani "yanzu-yanzu". Zanen da ya ƙare a cire shi, kuma a rubuta a fili cewa naɗaɗɗen bidiyo ne. Na ukun shi ya fi tayar mini da hankali: wurin hirar da ke gefen bidiyon. In ba mai tsaronsa, ɗan damfara zai shigo da suna mai kama da na shagonka, ya ajiye lambar asusunsa, mata su tura kuɗin leshi, sunanka ne zai ɓaci. Ko a rufe hirar, ko a sa wanda zai riƙa dubawa.

Da ni ne kai, zan fara da kai-tsaye na gaskiya. Da mabiya 50 YouTube ke yarda a yi daga waya, kai kuwa ka wuce nan. Karon farko ne kawai za ka jira kamar awa 24 kafin a buɗe maka. Awa ɗaya, sau biyu a mako, daga cikin shago, ana warware shadda a gaban kyamara, ana tambaya kana amsawa, musamman gabanin Sallah da lokacin bukukuwa. Mai sayen yadi so take ta ce a juya mata bayansa, a kai shi haske ta ga ainihin launin. Bidiyo mai maimaita kansa ba zai yi mata wannan ba. Abin da kuka naɗa a waɗannan zaman, shi za a tace a riƙa juyawa sauran lokutan.

In ka ga za ka gwada, ka ba shi wata biyu, da kuɗin da in ya tafi ba zai taɓa jarinka ba. Ka sa sabon layin waya a jikin bidiyon wanda ba ka ba kowa a wani wuri ba, ta haka za ka san mutum nawa ya kawo maka da kuma nawa suka saya. Asusun kamfanin hayar ya zama da sunanka da katinka. Kada ka ba matashin kalmar sirrin Gmail ɗinka. Mabuɗin yaɗawa kaɗai ya ishe shi aiki, kuma kana iya sauya shi ranar da kuka rabu. Ladan aikinsa a biya rabi, sauran sai bidiyon ya yi mako guda yana tafiya, ya kuma nuna wa yaronka yadda ake tayar da shi in ya tsaya. Ranar da ka fasa, ka tabbatar an goge kwamfutar hayar gaba ɗaya, domin a DigitalOcean da Hetzner ko a kashe take kuɗin haya na ci gaba da hawa.