Zan karanta ilimin haɗa magunguna a Zariya: a ina ya fi dacewa in zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na samu gurbin karatun haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello. Ni daga Katsina nake. Baba yana so in zauna wurin gwaggona a cikin birnin Zariya, ƙawayena biyu kuma suna so mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki a Samaru. Ni kuma hankalina ya fi karkata ga hostel. Wanne kike ganin ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya sanya albarka. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki nemi hostel, aƙalla a shekaru biyu na farko. Bari in faɗa miki dalili.

Karatun nan dogo ne, shekara 5 ga mai yin digirin B.Pharm, 6 ga mai yin PharmD, sannan ga shekarar horon aiki kafin Hukumar PCN, mai kula da sana'ar haɗa magunguna, ta ba ki cikakken lasisi. A ajin farko kina tare da sauran 'yan kimiyya, kuna cika manyan ɗakunan lakca, wadda ta makara sai bayan aji inda ba a jin malami. Daga aji na biyu ne lamarin yake canzawa. Da safe lakca, bayan azahar ki saka farar riga ki shiga ɗakin gwaji, kina auna hoda a sikeli, kina niƙa a turmi, kina leƙa yankan ganye a madubin ƙara girma. Ki fito la'asar sakaliya ƙafafu sun yi nauyi, ga rahoton gwajin da za ki rubuta a daren, gobe kuma akwai wani. A irin wannan rayuwa, tazarar da ke tsakanin gadonki da ƙofar ɗakin gwaji ita ce abin da za ki fara aunawa, kafin kyawun ɗaki da komai.

To ki auna gidan Gwaggo da wannan ma'aunin. Tsangayarku tana babban harabar Samaru. Daga cikin birni sai kin fito ta Ƙofar Doka, ki ratsa Tudun Wada, ki wuce Kwangila, sannan ki kama hanyar Samaru. Sau biyu a rana, kullum, da damina da hunturun Zariya mai shiga ƙashi. Ki lissafa kuɗin mota na wata guda, za ki ga zaman da ake cewa kyauta ne ba kyauta ba ne. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: 'yar da ke zaune gidan dangi ba za ta ga ana wanke-wanke ko ana hidimar biki ta shige ɗaki da littafi ba, kunya ba za ta bar ta ba. Na san wata da muka yi karatu tare, yarinya mai kaifin basira, wadda sai da ta maimaita jarrabawa biyu kafin iyayenta suka gane cewa hanya da aikin gida ne suke cinye ta. Na fahimci Baba sarai, tsaronki da tarbiyyarki yake dubawa, kuma yana da gaskiya. Ki ce masa Gwaggo ta zama mai kula da ke, kina zuwa wurinta ƙarshen mako da lokacin rashin lafiya. Idan da hali ya zo da kansa ya ga ɓangaren mata, irin su Amina Hall, ya ga yadda ake tsare ƙofa. Gani ya kori ji.

Hostel ba aljanna ba ce. Akwai cunkoso, akwai layin ruwa da na banɗaki, akwai mai kunna waƙa lokacin da kike haddar sunayen magunguna. Amma kina iya tashi ki taka da ƙafa zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ki yi karatun dare da 'yan ajinku ki dawo ba tare da kin fita titi ba. Kuma a can za ki haɗu da 'yan gaba da ke, masu tsofaffin takardun jarrabawa da sanin halin kowane kwas. Gurbin gado yana ƙarewa da wuri, don haka da zarar an buɗe rajista ki nema, kuma ta hanyar makaranta kaɗai, kada ki saya a hannun wani.

Kama ɗaki a waje kuwa, a Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan, abu ne da za ki iya dubawa nan gaba, musamman idan kun fara zirga-zirga zuwa asibitin koyarwa na Shika. Lokacin kin san gari, kin san wa za ki iya zama da ita. In kin tashi, ki je da rana ki koma da dare ki ga unguwar. Ki tambayi 'yan hayan da ke ciki, ba dillali ba: rijiya ce ko famfo ko sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa? Mitar wuta ɗaya ce ga kowa? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida? Ki tuna kuma kuɗin haya na shekara ne, ba ya jiran kalandar makaranta. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, ɗalibai da yawa suna gida hayarsu tana ƙonewa, suka dawo mai gida yana neman sabon kuɗi.

Su ƙawayen naki, me suke karantawa? Ki tambayi kanki wannan da gaske. Idan suna da ranaku biyu ko uku ba lakca, baƙi za su yi ta zuwa, hira za ta kai dare, ke kuma ƙarfe takwas kina aji. Ba laifinsu ba ne, amma zumunci yakan yi tsami a kan irin wannan. Ki bari ki shiga aji na biyu tukuna, ki ga wadda kuke tashi karatun asuba tare, sai ku yi maganar haɗa ɗaki da ita.