Tambaya da Amsa: Na kunna laptop ɗin, wai shi kenan ba mayarwa?

Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a Zariya, sati biyar kenan na yi odar laptop a wajen wani mai shago da ke talla a Instagram, a tallar ya rubuta akwai Windows 11 orijinal da Office a ciki, ba abin da zan ƙara sai dai in kunna in fara aiki, na tura masa dubu 420 ya sako min ita a mota na je tasha na karɓa. Da farko lafiya ƙalau, sai shekaranjiya na ga wani rubutu a ƙasan allo wai "Activate Windows", Word ɗin ma ya daina bari in yi taifin, ga furojet ɗina a kai. Na kira shi ya ce ai na riga na yage kwali na sa sunana da fasawod, softwaya kuma in an taɓa ta ba a mayarwa, kuma in duba risit an rubuta "No refund". Yayana ya ce in haƙura in kai kasuwar Farm Centre ta Kano a sa min wata Windows. Don Allah ina da wani haƙƙi ko kuɗina sun tafi?
Daga wata ɗaliba, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kuɗinki ba su tafi ba tukuna, kuma kar ki kai ta ko'ina a taɓa ta, wannan shi ne na farko. Shawarar yayanki ta tausayi ce amma ranar da wani mai gyara ya goge Windows ɗin nan ya sa wata, hujjarki ce ya goge, mai shagon kuma zai samu abin cewa, wai ke kika lalata.

Akwai doka a Najeriya kan wannan, dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin CPC, tsohuwar hukumar kare masu saye. A cikinta an ce kayan da aka sayar wa mutum bisa siffantawa dole su zo daidai da yadda aka siffanta su, kuma wanda bai samu damar duba kaya kafin su iso hannunsa ba, kamar ke da kika gani a hoto kawai, yana da damar ƙin karɓa in ya tarar ba abin da aka faɗa masa ba ne. Sannan sashe na 132 ya ba da wata uku daga ranar da kaya suka iso, in suka kasa yin aikin da aka saye su dominsa, a mayar wa mai sayarwa ya gyara ko ya canza ko ya dawo da kuɗi, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyansa take. Ke sati biyar kike, kina ciki sosai. Shi kuma "No refund" ɗin da yake taƙama da shi, hukumar ta sha faɗa cewa rubutun nan ba ya soke haƙƙin da doka ta ba mai saye, ko da jan biro aka rubuta shi. Kai ko a fiƙihu ma malamai sun yi babi guda kan mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana, ba yau aka fara wannan rigimar ba.

Maganar wai kin buɗe kwali kin sa fasawod kuwa, to ta yaya za ki san me ke ciki in ba ki kunna ba? Laptop ba ta nuna komai sai an bi matakan saiti an sa suna, ai shi ne dubawar. Kuma shi da bakinsa ya haɗa Windows da Office a cikin cinikin, ya sa su a talla don ki yarda da farashin, don haka suna cikin abin da kika biya kamar yadda caja da batir suke ciki.

Bari in gaya miki abin da nake zargin ya faru, don na ga irinsa ba sau ɗaya ba. Da yawan masu kawo laptop na hannu, waɗanda ake ce wa Landan yus, suna sa Windows da Office na sata ne da wata dabara da ke yaudarar kwamfutar ta ɗauka a wani kamfani take, lasisin irin wannan kwana 180 yake yi sai an sabunta, in bai samu sabuntawa ba ko antibayiros ya kama ɗan shirin da ke yin aikin ya cire shi, sai rubutun nan ya fito. Wataƙila ita taki ta daɗe a shago tun da aka sa mata. Windows orijinal da ta zo daga masana'anta kuwa tun zamanin Windows 8 makullinta a cikin injin yake, ko an goge an sake sawa da kanta take komawa daidai in ta hau intanet. Ki shiga Settings ki nemi Activation ki ɗauki hoton abin da ya rubuta, sannan ki danna maɓallin Windows da R tare ki rubuta slmgr /xpr, zai faɗa miki ko lasisin na dindindin ne ko mai ranar ƙarewa. Ki duba firosesa ma, wato ƙwaƙwalwar injin, Windows 11 a ƙa'ida daga Intel ƙarni na 8 (8th Gen) take farawa, in taki ta 6 ce ko ta 7 to cusa mata aka yi.

Ki tara hoton tallar kafin ya goge ta, da alat ɗin banki, da hirarku ta WhatsApp, da risit. Ki daina kira, rubuta masa za ki yi, cikin mutunci, ki ce kina so ko ya sa lasisin gaskiya da kuɗinsa ko ya karɓi kayansa ya dawo da kuɗinki, ki ba shi kwana bakwai. In ya yi kunnen uwar shegu sai ki shigar da ƙorafi a shafin FCCPC, kyauta ne. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana iya jan lokaci, kuma in mutumin ba shi da shago na gaske sai lambar waya da akawun to kama shi aiki ne. Amma in yana da rumfa a kasuwa, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar sau tari sun fi saurin sa shi ya yi abin da ya kamata. Kafin ki miƙa ta ki kwashe furojet ɗinki a filash ki fita daga imel ɗinki.

Malam barka da aiki. Ni ɗan Kumasi ne ina zaune a Hamburg. Na sayi sabuwar laptop a intanet kwana tara kenan, ba abin da ya same ta, ni dai ban ji daɗin allon ba ne, kuma na riga na yi saitin Windows. Zan iya mayarwa? In kuma na riƙe ta, ni Linux nake amfani da shi a maimakon Windows, za su ba ni kuɗin Windows ɗin da ban nema ba?
Daga wani mai karatu, Jamus

Ɗan uwa kai taka ta fi sauƙi, sai dai ka hanzarta. A ƙasashen Tarayyar Turai wanda ya sayi kaya a intanet daga ɗan kasuwa yana da kwana 14 daga ranar da suka iso ya fasa cinikin ba sai ya faɗi dalili ba, saura maka biyar, ka aika musu a rubuce yau cewa ka janye. Gaskiya ne dokar ta cire softwaya da ta zo a liƙe aka yage hatiminta, kuma wasu shaguna na fakewa da wannan, amma kai inji ka saya ba faifai ba. Abin da za su iya yi shi ne su rage wani abu in ka yi amfani da ita fiye da gwaji har darajarta ta ragu, don haka ka mayar da ita saitin masana'anta, ka haɗa caja da takardu a kwalinta, kuɗin aikawa kuma yawanci naka ne sai in sun ce sun ɗauka.

Kuɗin Windows kuwa kar ka sa rai da yawa. A 2014 kotun ƙoli ta Italiya ta ba wani mai saye gaskiya a kan kamfanin HP aka dawo masa da yuro 140, amma a 2016 kotun Tarayyar Turai, a ƙarar da wani Bafaranshe ya kai Sony, ta ce sayar da kwamfuta haɗe da softwaya ba zalunci ba ne a karan kansa matuƙar an sanar da mai saye tun farko. Tunda dama allon bai yi maka ba, mayar da ita ka nemi wadda ake sayarwa ba Windows a ciki, a Jamus suna nan da yawa kuma sun ɗan fi araha.