Mashaya a Ƙasan Gidanmu

Tambaya: Malam, a yankin Bronx na birnin New York nake zaune, kuma kiɗan mashayar da ke ƙasan gidanmu yakan kai ƙarfe uku na dare. Ga shi za ta sabunta lasisinta. Shin muna da ta cewa?

Amsa: Kuna da ita, Hajiya. A birnin New York wajibi ne mai mashaya ya sanar da kwamitin unguwa kwana 30 kafin ya nemi sabuntawa, sai dai shawara kawai kwamitin ke bayarwa, hukunci kuwa yana hannun hukumar lasisin giya ta jiha. Ku riƙa kiran 311, lambar wayar kai ƙorafi ga hukumomin birnin, duk daren da hayaniya ta tashi, ku adana lambar kowane ƙorafi, ku kai su zaman kwamitin, domin a ganina can an fi sauraron mai rubutacciyar shaida.